Don Allah a taimaka min da batun tsutsar nan mata-maza

Salamu alaikum 'yan uwa, ni ɗalibar bayoloji ce nan Kumasi, jibi zan gabatar da semina, tun jiya ina ɗaki a Aboabo da fitilar waya kaina ya ɗaure.

Maganar Macrostomum ce, tsutsa mai faɗi 'yar mitsitsiya da ke da gwaiwa da kuma ma'ajiyar ƙwai a jiki ɗaya. Abin da masanin bayoloji Eric Charnov ya faɗa na gane shi, in abokan barbara sun yi yawa gasar maniyyi na ƙaruwa, sai tsutsa ta ƙara zuba ƙarfinta ɓangaren namiji, kuma haka aka gani a wani nau'in Macrostomum mai suna lignano, in an tara su da yawa gwaiwarsu ta fi girma. To amma nau'o'inta masu soka maniyyi ta fata kamar allura, irin wadda ake kira hystrix, an ga sun fi karkata ɓangaren mace. Nan na tsaya cak. Ni da na zata su za su fi buƙatar maniyyi, tunda ba ta ƙofar al'aurar mace suke bi ba.

Hystrix in ta zauna ita kaɗai tana soka wa kanta maniyyinta, har a ɓangaren kai na jikinta. Shin barbarar da take yi wa kanta ce ta rage gasar maniyyin har suka karkata ɓangaren mace, ko sukar ce da kanta? Yayye da malamai don Allah ku warware min kafin gobe da dare.