Wai fanshon karo-karo ya fi na da?

Malamin Firamare, Tudun Wada: Jama'a, ina nan a kan bakana, tsarin karo-karo da aka kawo a 2004 ya fi tsohon tsari. Tun gyaran dokar a 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, a asusu mai sunanka. Da can kuɗin a tukunya ɗaya suke, shi ya sa aka riƙa wawure su. Kun manta Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, da kotu ta ɗaure shekara 8 a 2021?

Baba na Kawo: Malam, bari ka yi ritaya tukuna. Kuɗin da ke shigo min duk wata kafin na sayi maganin hawan jini da mudun shinkafa kaɗan sun ƙare, ga jikoki a gida. In sabon tsarin yana da daɗi, me ya sa aka cire sojoji a 2011, tsofaffin 'yan sanda kuma ke ta zanga-zangar a fitar da su?

Malamin Firamare: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tsadar rayuwa ce ta cinye kuɗin. Dokar 2014 ma ta tanadi mafi ƙarancin fansho, aiwatarwa ce ta yi nawa.

Baba na Kawo: To dokar da ke kwance a takarda ita zan dafa?

Hajiya mai ɗinki, Kasuwar Barci: Ku dai kuna da abin yin gardama a kai. Tun ina budurwa nake kan keke, yanzu sai jikata ta zura min zare a allura. Mu da masu faci da 'yan dako wa ya taɓa lissafa mu?

Ɗan banki, Barnawa: Hajiya, akwai naku. A 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, ki zuba abin da ya sawwaƙa, kina iya cirar wani kaso in buƙata ta taso.

Hajiya mai ɗinki: Ɗan nan, mai adashinmu kullum da la'asar take zagayowa da littafinta, na san gidanta, na san mijinta. Su waɗannan ba su taɓa leƙo layinmu ba. Kuma ma'aikaci ana ɗora masa kashi 10, ni wa zai ɗora min? In gwamnati ta ce duk naira ɗarin da na zuba za ta ƙara wani abu, gobe da safe zan buɗe.

Baba na Kawo: Hajiya ta gama magana. Malam, amsa mata.