Komawa ajin katikisma bayan baftisma: yaya abin yake a aikace?

Mai Tambaya
Salama a gare ku 'yan'uwa. Wanda aka yi wa baftisma a daren Ista da ya wuce, amma yana jin karatun bai zauna masa ba, zai iya komawa ajin masu shiga Katolika a zagaye na gaba? Masu koyarwa da iyayen baftisma, ku taimaka da abin da kuka gani.

Baba Katikis
Zai iya, ɗana, babu dokar Ikkilisiya da ta hana. Ya fara sanar da Fada, wato firist na cocinsu, da mai kula da ajin, kada kawai a gan shi ya ja kujera. Sannan ya riƙe wannan: darasi ake maimaitawa, ban da sakramenti. Baftisma da Ƙarfafawa (sakramentin shafe mai bi da mai don karɓar Ruhu Mai Tsarki) sau ɗaya ake karɓarsu a rayuwa. Saboda haka ba zai tsaya a bikin karɓar sababbin ɗalibai ba, ba za a sake rubuta sunansa a littafin zaɓaɓɓu gaban Bishop a Lahadin farko ta Lenti (lokacin azumi kafin Ista) ba, haka kuma addu'o'in binciken zuciya na Lahadi ta 3, ta 4 da ta 5 ba nasa ba ne yanzu. Yana cikin jama'ar da ke yi wa wasu addu'a.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen sallama. A inda ake sallamar ɗalibai bayan wa'azi su je su tattauna karatun ranar, mai maimaitawa sai ya tashi ya bi su don sabo. Kuskure ne babba. Shi yanzu ɗan gida ne, Mas ɗin Lahadi wajibi ne a kansa har ƙarshe, Jibin Ubangiji kuma haƙƙinsa ne. In yana son zaman tattaunawar, ya halarci wani Mas cikakke, ko na yammacin Asabar, sannan ya bi su.

Malama Mai Koyarwa
Ƙari a kan na Baba. Zagaye na biyu ba ya amfani in an shiga shi irin na farko, wato a zauna a saurara kawai. A shekarar farko hankalin mutum yana kan ko zai shiga ko ba zai shiga ba, da abin da dangi za su ce, shi ya sa rabin darasi ke wucewa ta saman kai. Yanzu wannan nauyin ya sauka, sai a yi aiki.

A karɓi jadawalin darussa tun makon farko. Kafin kowane zama a buɗe Katikisma ta Ikkilisiyar Katolika, wadda ta fito a 1992, a karanta abin da ya shafi batun. Sakin layi 2865 ne a kashi huɗu: bangaskiya, sakramenti, rayuwa cikin Kristi, addu'a. Kada a ce za a karance ta daga bango zuwa bango, mutum zai gaji tun bai fita kashi na farko ba. Sakin layi goma zuwa goma sha biyar a mako ya isa, a kuma duba ayoyin da aka nuna a ƙasan shafi, a nan daɗin yake. Wanda ta yi masa nauyi ya ɗauki taƙaitacciyar ta 2005, mai tambaya da amsa 598.

In ajin yana bin karatun Lahadi, ba ma abu ɗaya zai ji ba, domin karatun yana juyawa shekara uku: Matiyu, Markus, Luka. Amma Basamariya a bakin rijiya, da wanda aka haifa makaho, da tashin Li'azaru, waɗannan za su dawo a Lenti muddin akwai masu jiran baftisma, kuma jin su bayan an sha ruwan daban yake da jin su ana ƙishi.

Roƙo ɗaya: ya kama bakinsa. Mai maimaitawa ya san amsa, da an yi tambaya sai ya riga kowa, cikin mako uku sababbin sun yi shiru sun bar masa fili. Ya bari su gama, ya kawo tambaya ɗaya, sauran ya rubuta ya kai wa malami bayan an tashi.

Uwar Baftisma
Ni ina da ja kaɗan, ku yi haƙuri. Yawancin masu son komawa ba darasi suka rasa ba, mataki na huɗu, wato na ƙarshe a hanyar shiga Katolika, aka tsallake musu. Tsarin shigar da manya cikin Katolika da aka fitar a 1972 bai ƙare a daren Ista ba. Akwai mistagoji, kwana 50 daga Ista har Fentikos (bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki), lokacin da ake zama da sababbin baftisma a warware musu abin da suka karɓa. A ƙarni na 4 ma, a Urushalima da Milan, sai bayan baftisma ake buɗe wa mutane ma'anar sakramenti. Amma sau da yawa da an gama biki kowa ya gaji, ajin ya watse, mutumin da ya saba da zama duk mako ya wayi gari ba mai neman sa. Kewar mutane ce ke damun sa, yana zaton ƙarancin ilimi ne.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ikirari, wato faɗin zunubi gaban Fada. Wanda aka yi wa baftisma yana babba bai taɓa yin sa ba, tunda baftisma ta wanke duka. Sai a ɗauki watanni yana jin tsoro, ba wanda ya nuna masa yadda ake yi: binciken zuciya, faɗin zunubi, addu'ar nadama, karɓar gafara, cika aikin tuba da Fada ya bayar. Uwa ko uban baftisma su raka shi na farko, su jira a waje. Wannan ya fi zama goma a aji.

Ya koma sau ɗaya, na yarda. Sau uku kuwa ajin ya zama maɓoya, ya hana shi shiga cikin jama'ar coci.

Ɗan Kwamitin Aji
Wasu na cewa ya koma a matsayin uban baftisma. Doka tana neman shekara 16, ya karɓi Ƙarfafawa da Jibin Ubangiji, rayuwarsa ta dace da bangaskiya, kuma kada ya zama mahaifi ko mahaifiyar mai karɓa. Sabon shiga na iya cika waɗannan, amma ɗaukar wani alhali ƙafarka ba ta yi ƙwari ba nauyi ne. Gara a ba shi jera kujeru, tarbar baƙi, da kiran wanda ya yi fashin mako biyu. Sababbi sun fi sakin jiki da wanda bara yake inda suke.

Baba Katikis
Uwar Baftisma ta faɗi gaskiya, kuma laifin namu ne masu koyarwa. Ɗana, in lokaci ya yi masa kaɗan ba dole ya bi duka ba. Ya zaɓi makonnin sakramenti da na dokoki goma, su ne ke ɗaukar sabuwar ma'ana bayan an fara rayuwa da su, ya kuma zauna mistagoji na bana tare da sababbin. Kafin Fentikos ya riga ya ba da sunansa a ƙungiya ɗaya ta coci, ko mawaƙa, ko masu karatu, ko masu ziyarar marasa lafiya.