Juyin kashi uku cikin huɗu: in ɗauki mai lesin?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. 'Yata tana JSS 1. An tambaye su: yaro yana fuskantar arewa, ya yi juyin kashi uku cikin huɗu yadda hannun agogo yake tafiya, ina ya fuskanta? Ta rubuta gabas, malam ya soke da jan biro, ya ce yamma. Saura sati uku jarrabawa, mai lesin ya ce dubu 15 a wata. In biya?

Tsohon Malami: Hajiya, ƙirgarta daidai, hagu kawai ta bi. Cikakken juyi digiri 360 ne, kwata 90. Ki tsayar da ita a tsakar gida, ta juya dama sau uku: gabas, kudu, yamma.

Bazazzagi: Dubu 15? Mu nan dubu 6, har da Turanci.

Umman Gida: Ƙanwata, kar ki soma. Ni wata uku na biya gaba ɗaya. Kullum sai na dafa masa shayi da ƙwai, shi yana danna waya, yaro yana kwafe amsa daga bayan littafi. Wata na biyu ya ɓace, har da littafin da na saya. Na kira, wai ya koma Kaduna. Wallahi har yau in na tuna ƙwan nan raina ɓaci yake.

Direba: Matata cewa take ni ne gwanin digiri 180, da ta ambaci cefane sai ƙeya.

Alhajin Kwari: Ku koya mata da ɗawafi mana. Ka'aba a hagu, saɓanin agogo ke nan. Yaran yanzu ina suka san agogo mai hannu, duk lamba ce a waya.

Bazazzagi: Alhaji ka ƙara rikita ta, juyin dama aka tambaya. A bar wa malamai.

Umman Gida: Wanda ya cuce ni ma ai malami ne.

Tsohon Malami: Baiwar Allah, kowa da halinsa.

Alhajin Kwari: Ni littattafan da ake rubutu a cikinsu ne suka ishe ni. Ƙani ba ya gadon na wa, duk shekara sabo.

Maman 'Yan Biyu: Mun gwada a tsakar gida, ta samu yamma. Yanzu kuma an kawo kashi biyar cikin takwas.