Yunwa Ba Ta San Lahadi Ba

Baba Katikis, Asawase, Kumasi

Salama gare ku 'yan'uwa. Ranar Waliyi Binsent de Pol, 27 ga Satumba, ta ƙarato. Ga baitoci kan hidimar talakawa, domin 'yan taron Binsent, ƙungiyar Katolika mai kai wa mabukata taimako. Amsa-amon "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki,
Na ɗau alƙalami, ku matso mu yi tattaunawa.

A 1617, can ƙasar Faransa,
Garin Shatiyon, Fada Binsent na koyarwa,

Aka ce da shi ga wani gida a bayan gari,
Duk sun kwanta ciwo, ba mai ɗebo ruwa.

Ya faɗa a Mas, sujadar coci, jama'a suka ɗunguma,
Hanya ta cika maƙil da masu kaiwa.

Fada ya dubi tulin abincin ya yi shiru:
Rabi zai ruɓe, jibi kuma sai yunwa.

Sai ya tara mata ya raba musu kwanaki,
Yau wance, gobe wance, ba tsallakewa.

To 'yan taron Binsent na Kumasi, ga tambaya:
Tausayinmu na Lahadi yana kai Laraba kuwa?

Ma'ajin taro, Aboabo

Baba na karɓa, Allah ya ƙara girma,
Amsarka tana cikin tsari da rubutawa.

Kowane mako in an buɗe da addu'a,
Jakar baiko na sirri ke zagayawa.

Hannu ya shiga a dunƙule ya fito a buɗe,
Mai sidi 2 da mai 50, ba mai ganewa.

Mutum 2 su ƙirga, su sa hannu a shafi,
A karanta jimla kafin watsewa.

Kuɗin jama'a a aljihun mutum guda,
Ko bai ci ba, zargi ne ke biyowa.

Gida mai mutum 4, ga ƙunshin mako:
Olonka, gwangwanin awo, 2 na masara mai bushewa,

Olonka 1 na wake, rabi na garin rogo,
Kwalbar man ja, gishiri, sabulu, daddawa.

Kar a kai na wata guda a rana ɗaya,
Mai ɗaki ɗaya ba shi da wurin ajiyewa.

Ɓera ya ci, laima ta ci nata,
Mai bin bashi ya ga buhu ya zo karɓewa.

Damina 2 muke da ita a garin nan,
Wake a buhu ƙwari ke hudawa.

A shanya shi kwana 3 a rana mai zafi,
Ya huce, a ɗura a jarka har cikawa.

A toshe bakinta kam, iska ta rasa hanya,
Ƙwaron da ke ciki numfashi ke yankewa.

Masara kuma a niƙa ta mako-mako,
Gari in ya kwana biyu hunhuna ke kamawa.

Buhu kan katako, a ja shi daga bango,
Wanda ya riga shiga shi ne farkon fitarwa.

Mama Magajiya, Sawaba

Ɗana Ma'aji, awonka daidai yake,
Amma na mai murhu ne da tukunyar ɗorawa.

Je kasuwar Kejetiya da asuba ka ga 'yan kaya,
'Yan matan Arewa masu dakon kasuwa.

Kwano a kai, ga goyo a baya,
Kwali a bakin shago ne ɗakin kwantawa.

Ka ba ta ɗanyen wake, ina za ta dafa?
Rabin kuɗinsa za ta samu wurin sayarwa.

Ka ce ta ci amana, alhali kai ne
Ka yi gaggawar kaiwa kafin bincikawa.

Ita sai wake da shinkafa mai zafi a ganye,
Ko koko da ƙosai na karyawa.

Garin rogo da sukari da gyaɗa a leda,
Wannan ba ya neman wuta, sai ɗan ruwa.

Wanka da bayi ma biya take yi,
Ku sa a lissafi, kar ku yi mantuwa.

In gida za ku, ku tafi ku 2,
Ɗakin mace, da mace cikin masu zuwa.

Ku yi sallama, ku tuɓe takalmi,
Tabarmar da aka nuna, nan za ku zaunawa.

In an miƙo moɗa, ko kurɓi ɗaya ku yi,
Mai ƙin ruwan talaka ya ɓata gaisuwa.

Ƙunshi a baƙar leda ya jira gefen ƙafa,
Sai an sha hira sannan a yi miƙawa.

Waya ta zauna a aljihu, don Allah!
Hoto a Facebook asiri yake tonawa.

Ubangiji ya ce kar hagu ta san aikin dama,
Balle duniya ta taru kan kwanon tsohuwa.

Autan taro, Zango

Baba, Mama, ƙaraminku na da tambaya,
Maƙwabtanmu a nan Musulmi ne mafi yawa.

In sa rosari a ƙunshi in ce su zo coci,
Ko hannu na miƙawa, baki na rufewa?

Baba Katikis

Ɗana, rosarinka ya zauna a hannunka,
Ka ja shi a hanya, tafiya da dawowa.

Abinci ba ƙugiya ba ne, talaka ba kifi ba,
Paparoma Benedik ya yi gargaɗin hanawa,

A wasiƙarsa ta 2005 kan ƙauna,
Cewa ba a jan mutum coci da igiyar yunwa.

Buɗe Matiyu 25 ka ji Sarki,
Shi ne mai ƙishi, shi ake shayarwa.

Bai ce a nemi katin baftisma ba,
In an tambaye ka don wa, sannan ka yi amsawa.

Taron nan namu, Ozanam a Faris, 1833,
Yana ɗan shekara 20, da abokai ya fara kafawa,

Amma Sista Rozali ce ta nuna musu gidaje,
Don ta san lungu, su kuwa sababbin zuwa.

Kai ma gai da liman da mai unguwa,
Su suka san maraya da ɗakin gwauruwa.

Nama in za ka kai, yankan Musulmi,
Watan azuminsu, isa kafin shan ruwa.

Anti Nas, Bantama

Baba, in ƙara da na majiyyata,
Katin inshorar lafiya ku fara dubawa.

Shekara guda yake yi sai ya mutu,
A bakin tagar asibiti ake ganewa.

\*929# a waya na sabunta shi,
Ku yi tun a ɗaki, kafin ranar rugawa.

Mai shekara 70 an yafe masa kuɗin shekara,
Sai ɗan na sabuntawa yake bayarwa.

Mai ciwon sukari a cire sukari a ƙunshinsa,
Marar haƙori kunu ne, ba abin taunawa.

Mai kai Jikin Almasihu ga na kwance,
Farin ƙyalle, kyandir, da kofin ruwa.

Azumin awa 1 kafin karɓa bai hau tsoho da majiyyaci ba,
Ko ya sha koko yanzu yana iya karɓawa.

Shafe majiyyaci da mai kuwa aikin Fada ne kaɗai,
Ku kira shi tun mai ciwo na iya amsawa.

Ma'ajin taro

Mama, na ji gyara, Anti na gode,
Littafin taro zai samu ƙaruwa.

Gefen suna zan ja layi 3:
Akwai murhu? Haƙora? Yaushe kati ke ƙarewa?

Jumma'a bayan Mas ɗin yamma a zo da jarkoki,
Masu Laraba su ba ni suna kafin fitowa.