Mu ne muka cika ƙorafi, ko su ne ba su da wurin kai kuka?

Auwalu, Gezawa:
Assalamu alaikum. Jiya da la'asar na dawo daga sayen taki, ina ta mita a zaure kan kuɗin da na zube. Baba yana gefe yana tufkar igiya, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ku yaran yanzu bakinku ya fi hannunku aiki. Ka taɓa kwana da yunwa?" Na ce a'a. Ya ce to in yi musu shiru. Maganar ta tsaya min a rai har dare. Don Allah manya da yara, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da "an ce".

Malam Idi, tsohon malamin firamare, Maigatari:
Wa alaikumus salam. Auwalu, babanka bai yi ƙarya ba, amma bari in ba ka nawa.

Farin 1973 ina ɗan shekara goma sha biyu. Gero ya kai ga bununi ruwa ya ɗauke, muna ji muna gani ya bushe a tsaye. Tun kafin a fita sanyi rumbunmu ya koma ɗakin kaji. Innata takan tankaɗe dusa sau biyu, ta dama mana ta wajen laushin, ta gauraya sauran da ganyen tafasa. Na ga mata da galma suna tona gidan tururuwa don hatsin da ta tara. Ga Buzaye da Fulani suna ta gangarowa daga Nijar, shanu na faɗuwa a bakin hanya, ungulu har ta gaji. Rijiyar garinmu sai da aka ƙara wa guga igiya, ka jawo ka tarar rabi laka ne.

Mahaifinmu ya tafi cin rani Kano, yana ga-ruwa. Wata huɗu ba mu san ko yana raye ba, sai da wani ɗan garinmu ya dawo da saƙon naira biyu a ƙulle cikin tsumma. A shekarar ne ma nairar ta fito, Inna ta riƙa jujjuya ta tana tambaya sule nawa ke nan.

To ga abin dariyar. Duk daren da muka yi kukan yunwa, kakarmu sai ta ce mu ragwaye ne, wai ita da ta ga Kakalaba ta 1914 ba za ta kira wannan yunwa ba. Abin da babanka ya faɗa maka jiya, ni ma an faɗa min shi, a tsakiyar fari.

Inna Ladi, Ɗambatta (jikata ke rubuta min):
Maza kun fara da hatsi, to ku tsaya ku ji namu. An kai ni ɗaki ban san komai ba. Asuba ta yi min a turmi, in yi sussuka, in yi surfe, in durƙusa a dutsen niƙa har gwiwata ta yi kanta. Ruwa daga tafki muke ɗebowa, damina biyu kurkunu yana kwantar da ni, ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan. Jikokina ba su ma san shi ba, alhamdu lillahi.

Haihuwata tara, huɗu ne suka tsaya. Biyu baƙon dauro ya ɗauke su cikin mako guda. Na farin kuwa ko kukan kirki ban yi ba, don ɗan fari ne, an ce kunya. A bayan ɗaki nake yi, in wanke fuska in dawo kan murhu.

Ku daina cewa haƙuri ne ya hana mu magana. Wa za ki faɗa wa? Uwar miji? In kin yi yaji, babanki ne zai rako ki da kansa kafin magariba. Ni dai yarinya in ciwo ya kama ta, ta yi ihu a kai ta asibiti, ya fi min. Abin da ke ba ni haushi ɗaya ne, a ce niƙan ma da inji zai yi, kai shi bakin kasuwa ya zama abin gardama.

Sabi'u, Auyo:
Allah ya ƙara lafiya Inna, kin sa jikina ya yi sanyi. Allah ya gafarta Malam, ba na musun abin da kuka sha, amma a duba mu ma.

Kakanmu gandu guda yake da shi, ya ishi gidan har a yi baiko. Da ya rasu aka raba wa maza bakwai, su ma ga mu mun taso, ni abin da ya zo hannuna in na tsaya a wannan kunya ina magana da na waccan ba sai na ɗaga murya ba. A da Fulani ke sauka a gonar bayan girbi su bar taki, a yi gayya a gama noma da fura da tuwo. Yau taki saye, maganin feshi saye, 'yan ƙwadago sai ka biya kafin su ajiye fartanya.

Damina ta 2022 na ci bashi na shuka shinkafa. Ta fara ɗaukar ciki kogi ya ɓalle, da kwalekwale na je na gano inda gonar take. Na ce to a rama da noman rani, aka yi, aka ɗan samu. Sai ga 29 ga Mayu 2023 an cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Injin ban ruwa kuma ba ya jin "Allah ya ba da haƙuri". Ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ga tsuntsun jan baki na kwana a cikinta yana tashi a kan shinkafarmu. Mai bashi kuwa yanzu yana da lambata, ko ina masallaci sai ya kira. In na faɗi wannan, shi ne raki?

Kawu Garba, Bichi:
Wai wa ya ce mutanen da ba sa ƙorafi? Na ga mahaifina an zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci saboda haraji, rawaninsa a ƙasa, mu muna leƙe ta bayan danga. Akuyar Inna aka sayar aka fanso shi. Ya dawo bai ce uffan ba, amma da dare a zaurenmu ake taron NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano, a rage fitila, a sa yaro gadi a ƙofa. Mutanen Malam Aminu Kano an ɗaure su, an yi musu bulala a kan wannan magana. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, tsofaffin garinmu har da masu hawaye. Da shiru kowa ya yi, da har yau muna biya.

Nura mai cajin waya, Wudil:
Kawu gaskiya ne, amma ni a rumfata ina ganin iri biyu. Akwai wanda zai wuni a benci yana zagin gwamnati, ya sa data ta ɗari biyar, gonar ubansa ciyawa ta cinye. Akwai kuma matar da ke aiko yaro sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi da kaji ake ba wa, ita ba ka taɓa jin bakinta. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 na ga dattijo ya kawo akuya kasuwar Juma'a, mai saye ya ce sai dai taransifa, shi ko asusun banki ba shi da shi. Haka ya ja abarsa ya koma, ko kuɗin mota babu.

Auwalu, Gezawa:
Na gode ƙwarai jama'a. Bayan isha'i na karanta wa Baba duka. Wajen maganar Inna Ladi ya daɗe bai ce komai ba, don Gwaggonmu ma ta rasa biyu a irin haka. Sabi'u, kai ya ce a yi maka jaje, amma wai har yanzu bakinmu ya yi yawa. Sai ya tambaye ni nawa na sayo buhun takin. Da na faɗa masa ya yi salati, ya ce bana a rage masara a ƙara gero da wake.

Allah ya gafarta Malam Idi, ya ce in tambaye ka a wace unguwa mahaifinku ya yi ga-ruwan, don shi ma a shekarar ya yi nasa a Fagge. Ni sai jiya na san ya taɓa yi.