Kamfanin jirgi ya durƙushe, ta ina za a bi kuɗin tikiti?

Assalamu alaikum. Masana harkar jiragen sama, don Allah a taimaka da shawara. Wani kamfanin jirgi mai arha ya daina tashi, ya rufe kantarsa a filin jirgin Ikeja, alhali 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 suna riƙe da tikitin Legas zuwa Kano.

Sashe na 19 na dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya ce a mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ta intanet aka biya. To wa zai biya, tunda ba mai ɗaga waya?

Masu katin ATM da sauƙi: sun cike fom a banki, sun haɗa da lambar PNR (lambar da ake ba fasinja idan ya kama kujera) da rasit da saƙon soke tafiya. Inda aka maƙale shi ne masu tiransifa da waɗanda suka saya ta hannun ejan. Banki ya ce ba ruwansa, ejan ya ce kuɗi sun riga sun shiga asusun kamfani.

A fara kai koke NCAA ne, ko FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya? Kuma idan kotu ta naɗa mai sayar da kadarorin kamfanin, sai an sallami bankuna da ma'aikata kafin a zo kan fasinja? Akwai wa'adin shigar da takardu?