Musayar Waƙa: Tarangambadi ta Ƙasar Tamil

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ri" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah na buɗe bakina,
Ku matso kusa in ba ku labari.
Tarangambadi, can ƙasar Tamil,
Kudancin Indiya, gaɓar ruwan gishiri.
A 1620 jiragen Danmak suka iso,
Ove Gjedde a gaba, suna biɗar wuri.
Ragunata Nayak, sarkin Tanjabur,
Ya ce su zauna, haraji bisa tsari.
Wasiƙar da ya aika wa sarkinsu
Tana Danmak har yau, rubutu kan zinari.
Suka gina sansanin Dansborg dab da rairayi,
Masoro da yadi suke ta yin sari.

Hajiya Mai Lalle:
Ƙanena, ka faro daga tsakiya,
Ka tsallake waɗanda ke nan tun fari.
Kafin Bature ya san da hanyar,
Akwai masunci, masaƙi da tajiri.
Ɗakin bautar Masilamani Natar
Tun 1306 yake tsaye a sarari.
Zamanin sarakunan Pandiya aka kafa shi,
Teku na cin gindinsa, yana cikin hatsari.
Ga Musulmin gaɓar, Marakkayar,
Fataken ruwa masu jirgi da jari.
Sun sha tsallake teku da hajarsu,
Suna da masallaci, suna da mimbari.
Ina sunansu cikin baitocinka?
Ginin baƙo kaɗai ka kaɗa wa tambari.

Malam Na-Zango, daga Akra:
Hajiya, Allah ya ƙara girma,
Mu nan Gana mun san wannan al'amari.
Danmak ɗin ce ta riƙe sansanin Christiansborg
A Osu ta Akra, inda bayi suka sha ɗauri.
Can masoro ake lodawa a jirgi,
Nan ɗan Adam, ba laifi, ba alheri.
A 1845 suka sayar wa Ingila can,
A 1850 nan, ba a tambayi 'yan gari.

Ɗan Kurmi:
Yaya Hajiya, Malam, na saurara,
Amma ku bar mini mutum guda in yi nazari.
Ziegenbalg, Bajamushe mai wa'azin Kirista,
A 1706 ya sauka da nasa buri.
Ya zauna cikin yara yana koyon Tamil,
Rubutu a rairayi, tamkar almajiri.
Injin ɗab'i ya iso a 1712,
Da Tamil ya buga Sabon Alkawari.
Addininmu daban, amma himmar na yaba,
A cocin da ya gina a 1718 yake da kabari.

Hajiya Mai Lalle:
Himma kam ya yi, ban hana shi ba,
Amma malaman Tamil suka buɗe masa sirri.
Ranar 26 ga Disamba, 2004,
Igiyar tsunami ta kawo musu hari.
Dansborg ta tsaya, bukkoki suka tafi,
Rayuka ɗaruruwa, yawancinsu fakiri.
Allah ya ba iyalansu haƙuri da dangana,
Wannan rashi ya fi kowanne tauri.
An gyara tsofaffin gidajen Turawa,
Masu yawon buɗe ido na ta marmari.
Masunta kuwa an matsar da su nesa da gaɓa,
Tun asuba suke saukowa su yi shiri.
Maza su tura kwale-kwale cikin ruwa,
Mata su kasa kifin a kasuwa tari-tari.
Malam Na-Zango, ba mu masuntan Osu,
Baiti na hannunka, kada ka bari.